Albasar Lanty Hedley ta Kurkukun Jamus

Thornlaw, 3 ga Oktoba, 1981

Zuwa ga jikata Elspeth,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da maigidan da 'yan biyun kuna lafiya. Ni ma ƙalau nake, in ban da gwiwar hagu da ta ɗauki aikin gaya mini za a yi ruwa tun kafin rediyo ya faɗa.

Kin ce in rubuto miki wani abu na tarihin dangi don yaran su san inda suka fito. To, akwai wata jita-jita da na fara ji ranar da na dawo daga yaƙi, ko jakata ban ajiye ba. Wai ɗan'uwanmu Lancelot Hedley, wanda muke kira Lanty, hafsan sojan sama da Jamusawa suka harbo jirginsa, ya noma albasa a cikin kurkukunsu mai girman kan mutum, har ta ci gasar albasa ta ƙauyenmu ba tare da ta baro Jamus ba. Ban yarda ba. Na yi shekara biyar a jirgin ruwa, na san irin abin da maza ke faɗa in suka sami kofi a hannu da mai sauraro a gaba. Kuma duk sanda na sake jin labarin, sai in tarar albasar ta ƙara girma. In an tambayi Lanty kuwa, sai ya yi murmushi ya koma zancen ƙwallo.

A makon da ya wuce ina gyaran saman ɗaki na ci karo da gwangwanin biskit na marigayiya Gwaggo Thomasina. Ita da uban Lanty 'ya'yan wa da ƙane ne. Ba ta taɓa aure ba, kuma da iyayensa suka rasu ita ce ya rubuta wa hukuma a matsayin danginsa na kusa. A cikin gwangwanin akwai wasiƙunsu na lokacin. Nasa ita ta adana, nata kuma shi ya dawo da su a cikin rigarsa ya damƙa mata. Ga waɗanda suka shafi albasar na kwafe miki. Inda kika ga baƙi, haka yake a takardar, aikin masu duba wasiƙu na Jamus ne. Ki riƙa duban kwanan wata, don wasiƙa a lokacin takan yi wata biyu ko uku a hanya, wata ma ta fi haka.

Kakanki,
Cuthbert

*

Thornlaw, 12 ga Oktoba, 1943

Ɗana Lanty,

Ina gaishe ka, ina fatan ƙafar da ka bugu da ita wajen dira da laima ta daina ciwo. Ni lafiya lau. Kazar nan mai taurin kai ta koma yin ƙwai, mai kawo madara ya auri 'yar mai gidan waya, kuma rufin coci yana nan yana yoyo daidai kan kujerata.

Yanzu ga maganar. An yi gasar albasa ta bana, Septimus Dodd ya ci. Tun daga ranar yake tafiya kamar shi ya ƙirƙiro albasa. Jiya na same shi ya jingina da shingen lambun ubanka yana kallon ƙasar. Na tambaye shi ko ya yar da wani abu ne. Ya ce a'a, tunawa kawai yake yi da dokar ƙungiyar manoman albasa, cewa duk ɗan ƙungiyar da ya yi shekara uku a jere bai kawo albasar da ya noma da hannunsa ba, lambunsa ya koma ga na gaba a layi. Ka san wane ne na gaba a layi. Ka rasa bara, ka rasa bana. Saura baɗi.

Na ce masa kana tsare ne saboda shi da ire-irensa su sami barcin kirki. Ya ce shi ma abin yana damunsa, amma doka doka ce. Na ce to ni zan noma a madadinka. Ya ce mace ba ta shiga ƙungiya. Lanty, shekara talatin ubanka ya yi yana fitowa daga ramin kwal ya wuce kai tsaye ya kai wa ƙasar nan taki. Sau tara ya ci gasa da ita. Ba zan zauna ina kallo Septimus Dodd ya tsoma cebur ɗinsa a ciki ba.

Na aro littafin dokokin daga matar sakatare, ba da saninsa ba, na karanta shi tas. Babu inda aka ce dole a Thornlaw za a noma albasar. Kuma akwai sashe na goma sha huɗu, wanda aka sa tun shekarar da wani ya shiga lambun ɗan'uwansa da wuƙa ana gobe gasa. Ya ce in limami ko 'yan ƙungiya biyu suka ga albasa a ƙasa suka auna ta, daga baya ta salwanta ba da laifin mai ita ba, to awon nan zai tsaya a kan tebur a madadinta.

Saboda haka ka duba ƙunshin kayan da na aiko maka jiya. An hana sa wasiƙa a ciki, shi ya sa nake gaya maka a nan. A can cikin safa mai ruwan toka, ta ƙafar dama, akwai 'yar takarda a nannaɗe. Irin albasar ubanka ne. Ka shuka ranar Kirsimeti kamar yadda yake yi. Ka nemi limami. Ka aiko mini da awo kafin Asabar ta ƙarshen Satumba.

Gwaggonka,
Thomasina

*

Sansanin fursunoni, Jamus, 9 ga Janairu, 1944

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ƙafa ta warke, har ina tsaron gida in ana ƙwallo, don a nan ne ba a gudu. Rabon da in sami wasiƙarki tun ta watan Agusta, amma ƙunshinki ya iso ana jibi Kirsimeti. Safa, rigar sanyi, sabulu, cakulan, duk sun zo lafiya. Na gode ƙwarai.

Mu takwas ne a ɗaki, kowa da makonsa na girki. Duk wasiƙar da ta zo a fili ake karanta ta, saboda haka dukansu Gwaggo suke ce miki, kuma suna tambayar kazar. Akwai Emrys Pugh, mutumin Wales da ya bar ƙafarsa ɗaya a cikin jirginsu, yana kwana nan yana kwana asibitin sansani. Akwai kuma Peregrine Ashcombe, ɗan gidan sarauta, wanda kafin yaƙi bai taɓa sanin dankali daga ƙasa yake fitowa ba. Ni kaɗai ne ɗan mai haƙar kwal, shi ya sa murhu ba ya mutuwa sai in ba na nan.

Sai babbar godiya a kan masoron da kika ɓoye a cikin safa. Wannan dabara taki ta burge kowa. Shekara ɗaya da rabi ba mu ga yaji ba. Makon Peregrine ne na girki, ya daka shi da gindin cokali ya barbaɗa a kan dankalin Kirsimeti. Gaskiya bai yi zafi sosai ba, wataƙila tafiya ce ta kashe shi, amma kowa ya yaba. Peregrine ya ce yana da wani ɗan ƙamshi kamar na albasa. In da hali ki ƙaro.

Yaya lambun Baba? In aka kira mu ƙidaya muka tsaya cikin ƙanƙara, nakan rufe ido in bi kunyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, daga ƙofa har gindin tankin ruwa. Kafin in kai ƙarshe an gama ƙirga mu.

Ɗanki,
Lanty

*

Sansanin fursunoni, Jamus, 2 ga Maris, 1944

Gwaggo,

Ina lafiya, ina fatan kina lafiya. Wasiƙarki ta Oktoba sai shekaranjiya ta iso. Ina cikin karanta wa 'yan ɗaki na zo kan maganar safa, sai na tsaya cak. Emrys ya karɓa ya ƙarasa. Peregrine ya tashi ya sa hularsa ya fita, ya yi ta zagaya wayar shingen sansani har la'asar. Da ya dawo ya tsaya a gabana ƙiƙam ya ce in ina so in mare shi, ba zai kai ƙara ba.

Emrys ne ya tambaya ko na wanke safar. Kada ki ji kunyata, Gwaggo, ban wanke ba. Muka juya ta a kan tebur, hafsoshin Sarki takwas da allura ɗaya, muna tsefe ulu. Takardar ta ɗan yage a hanya, ashe. Mun tsinci ƙwaya goma sha ɗaya.

Na san an makara da wata biyu da kwana shida. Na shuka su a gwangwanin madara, na jera a taga. Ƙasar nan yashi ce zalla, ko ciyawa sai ta yi shawara kafin ta fito. Taki sai na dokin da ke jawo keken burodi. Peregrine ya ce wannan aikinsa ne. Kullum da safe yana nan bayan dokin da gwangwani a hannu, da wandonsa a goge. Masu gadi sun ɗauka zama ya taɓa masa kai.

Na yi magana da limaminmu, ya yarda. Ya ce an taɓa kiransa ya shaida aure da mutuwa da wasiyya, amma wannan sabo ne.

Ki gaya wa Dodd ya cire hannunsa daga shinge.

Lanty

*

Thornlaw, 30 ga Maris, 1944

Lancelot,

Ina lafiya, ko da yake ba don kai ba. Yau na sami wasiƙarka ta Janairu.

Masoro. Ka tashi a gidan da ake shanya irin albasa a kan jarida duk kaka, ana hana ka wucewa da gudu don kada iska ta kwashe. Gwamnati ta ɗauke ka ta koya maka gane gari daga cikin gajimare. Amma ka buɗe takarda ka ga gadon ubanka, ka miƙa wa mai girki. Na karanta sau uku ina fatan idona ne.

Ba zan iya sake aiko maka ba. Ƙunshi na gaba sai Afrilu, kafin ya iso lokaci ya wuce. Ban gaya wa kowa ba. Na ci gaba da cire ciyawa kamar babu abin da ya faru, ina sa wa Dodd fuskar wadda ta san wani abu. Ya fara kawo tsofaffin katakai yana jingine su kusa da ƙofar lambun, wai na sabon shinge ne in lokaci ya yi.

Wannan Peregrine ɗin, ka ce masa na yafe masa, don shi ba a koya masa ba. Kai kuma ina kan tunani. Ka riƙa sa rigar sanyin, Maris ba abin yarda ba ne. Ka gaishe mini da Emrys.

T. Hedley

*

Sansanin fursunoni, Jamus, 25 ga Yuni, 1944

Gwaggo,

Ina lafiya. Wasiƙarki ta faɗa ta iso, Emrys ya karanta ta da muryarki yadda yake zato, har 'yan ɗakin maƙwabta suka shigo suka ce a maimaita. Ina fatan tawa ta Maris ta riske ki kin huce.

Cikin goma sha ɗaya, huɗu suka tsiro. Ɗaya ƙwallo ta faɗa mata. Ɗaya karen masu gadi ya tone. Ta uku kuma masu gadin da ke binciken ramin gudun fursunoni suka soke ta da sandar ƙarfe, don sun ce babu mai hankalin da zai yi wa kunya ɗaya irin wannan hidima in ba wani abu yake ɓoyewa a ƙasa ba. Saura ɗaya. Babban hafsanmu ya sa an kafa jadawalin gadi, mutum biyu biyu. Abin da muka fi tsoro ba Jamusawa ba ne, mu ne. Kin san yadda namiji mai jin yunwa yake kallon albasa. Akwai waɗanda ke zuwa su tsuguna su shinshina ganyen kawai su tafi.

Na haƙa mata rami mai zurfin ██████ da faɗin ██████. Jiya limami ya zo da zare muka gwada. Kewayenta yanzu inci ██████████, ganyenta kuma ████. Na san abin da za ki ce in kin ga wannan lamba, amma ita ce gaskiya, kuma tana kan girma.

Jikin Emrys ba daɗi, ya koma asibiti, ba ya iya riƙe abinci. Likitocin ƙasashen da ba sa yaƙi sun zo sun duba shi, an sa sunansa cikin waɗanda za a yi musayarsu a mayar gida. Ba mu san yaushe ba.

A gaida kaza.

Lanty

*

Thornlaw, 20 ga Agusta, 1944

Ɗana Lanty,

Ina gaishe ka. Wasiƙunka biyu sun zo rana ɗaya, ta Maris da ta Yuni. Na janye rabin abin da na faɗa. Amma ka wanke safar nan.

Lanty, sun shafe lambar. Duk inda ka sa awo sun bi da baƙin tawada. Na ɗaga takardar a rana, na kara ta a tururin buta, ban ga komai ba. Na kai wa mai gidan waya ko ya san wata dabara, wannan ne kuskurena. Ya sa tabarau ya auna tsawon baƙin da farcensa, ya ce wannan ba ƙaramar lamba ba ce. Ya ce kuma ai kai da kanka ka rubuta cewa ka san abin da zan ce in na gani. Kafin azahar magana ta kai bakin ramin kwal cewa ka noma albasar da Jamusawa suka ji kunyar a sani. Ranar Laraba inci ashirin ce. Ranar Lahadi bayan coci na ji ashirin da shida, wai har wani janar ɗinsu ya zo da mota ya gani.

Ban ce haka ne ba, ban ce ba haka ba ne. Gaskiya ni ma na fara yarda. Irin ubanka ne, ga kashin doki kullum. Dodd ya kwashe rabin katakansa.

Sai dai na je wurin shugaban ƙungiya, tsoho Ridley, ya ce baƙin tawada ba awo ba ne. In babu abin da za a ɗora a kan tebur ranar talatin ga Satumba, hannunsa a ɗaure yake. Na san wannan wasiƙar ba za ta same ka kafin ranar ba, ban ma san don me nake rubutawa ba. In ka sake aiko da lamba za su sake shafewa. Ina roƙon Allah ya sa ka gane haka da kanka, ko da yake tun maganar masoro na rage dogaro da kanka.

Gwaggonka

*

Thornlaw, 1 ga Oktoba, 1944

Ɗana Lanty,

Ina lafiya, ina fatan kana lafiya. Ka zaunar da 'yan ɗakin kafin ka fara.

Ranar Alhamis ina wanke-wanke aka ƙwanƙwasa. Na buɗe na ga wani siririn mutum a kan sandunan guragu, da kayan soja da suka yi masa yawa. Ya ce, "Gwaggo, yaya kaza?" Ban tambayi sunansa ba. Jirginsu ya sauka Liverpool mako biyu da suka wuce, ya roƙi asibiti kwana uku, ya ce zai je ganin gwaggonsa. Mahaifiyarsa ma bai je mata ba tukuna.

Na ba shi shayi da ƙwai biyu. Sannan ya kwance wani zare daga jikin sandarsa ya ajiye a kan tebur. Ya ce ka lura masu dubawa suna shafe duk wata lamba a wasiƙun da ke shigowa, ka ce to lalle naka ma haka ake yi musu. Takarda kuma ƙwacewa ake yi a ƙofa. Shi ya sa ka warware ulu daga safar, limami ya zagaya albasar da shi, ya ɗaure ƙulli biyu ya ɗiga musu kakin kyandir. Na gane uluna. Na ɗauko tef ɗin ɗinki na auna daga ƙulli zuwa ƙulli.

Inci biyar da kwata, Lanty. Na je na ɗauko ƙwan kazar na zagaya shi da zaren, da ƙyar ƙulli biyun suka haɗu.

Zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Ina da sauran wannan ulun a kwando, ina da kyandir. Duk gari yana jiran inci ashirin da shida, kuma sunan Hedley bai taɓa sauka ƙasa da na uku ba. Emrys ya ga inda idona ya tafi. Ya ce shi dai an aiko shi ya kawo zare, ya kawo, kuma in an tambaye shi zai faɗi abin da ya shiga cikinsa ne kawai. Na yi kwana biyu ina wuce kwandon nan. Ranar Asabar da safe na tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa, na sa hular coci.

Ka san a saman mashaya ake yin gasar, ka san kuma shekara sittin da ɗaya ban taɓa taka ƙofar wurin ba. Rabin gari ya taru a ƙasa. Mai mashayar ya ce mata ba sa hawa. Na ce ba hawa zan yi ba, taimakon gurgu zan yi, in kuma shi zai goya shi to ga shi. Ya matsa.

Albasa goma sha uku a jere kan farin zane, kowace kamar tulu. Ridley ya karanta sashe na goma sha huɗu, na ajiye zaren a gurbinka. Ya auna, ya goge tabarau, ya sake aunawa. Wani ya yi tari. Ni dai ina kallon bango.

Dodd ya tashi. Ya ce ƙanƙanta ba laifi ba ne a doka, bai musa ba. Amma sashen ya ce albasar ta salwanta ba da laifin mai ita ba. Ina albasar? In mai ita ya cinye abarsa, to ya zaɓi cikinsa a kan lambunsa, kuma ba ya ganin laifinsa, amma doka doka ce. Gaskiya ni ban tambayi Emrys wannan ba.

Emrys bai tashi ba, don babu hali. Ya ce, "Ni na cinye ta." Ya ce kwana tara ya yi ba abin da ke zama a cikinsa, likita kuma ya ce in bai iya tsayuwa ba ranar tafiya, za a cire sunansa a sa wani. Ya ce da ka bar ta zuwa ƙarshen Agusta da ta ƙara inci biyu ko uku, kowa ya gaya maka haka. Ka kira limami ya auna, ka tumɓuke ta a farkon wata, Peregrine ya dafa romo da ita a gwangwani. Ya ce shi ne abu na farko da ya zauna masa. "Lanty ko cokalin bai lasa ba. Ya tsaya a bakin taga yana kallon waje har na gama."

Ridley ya tambayi Dodd ko yana da sauran magana. Dodd ya daɗe yana juya hularsa. Sannan ya ce a ganinsa wannan laifin Jamusawa ne, ba na mai albasa ba, a rubuta.

Ka zo na goma sha huɗu cikin goma sha huɗu. Ka san kowa yana da kyauta, na ƙarshe bokiti ake ba shi. Yana nan na ajiye maka. Lambu naka ne.

Saura abu ɗaya. Da muka sauko, mutane suka yi caa a kan Dodd don shi ne a gaba, suna tambaya inci nawa. Ina bayansa, na riga na shirya fuskata. Ya sa hularsa, ya buɗe hannuwansa biyu kamar mai ɗauke da kabewa, ya girgiza kai, ya wuce gida. Sauran sha biyun da Ridley suka bi bayansa, babu wanda ya gyara masa. Yau da safe na ga ya kwashe ragowar katakan.

Emrys ya hau jirgin ƙasa ɗazu da ƙwai shida a aljihu. Ka gaishe da Peregrine, ka ce masa girkinsa ya gyaru.

Gwaggonka,
Thomasina

*

Sansanin fursunoni, Jamus, 28 ga Disamba, 1944

Gwaggo, kati ne, wuri kaɗan. Lafiya lau, sai sanyi. Wasiƙarki ta zo jiya. An karanta sau huɗu, Peregrine ya fita zagaya waya, amma wannan karon yana fito. 'Yan ɗaki sun ce a gaya miki ba a taɓa yin murnar zuwa na ƙarshe irin wannan ba. Ki bar mini kunyar gindin tanki, ita zan fara juyawa. Kada ki ba kowa aron bokitina. Na wanke safar, ko da yake ta dama ta gajarce. Lanty

*

Elspeth, iyakar wasiƙun ke nan. Zaren ma yana cikin gwangwanin, na auna shi da kaina, bai ƙaru ba bai ragu ba.

Lanty ya dawo a watan Mayu na shekarar da ta biyo, bayan sun sha tafiyar ƙasa cikin ƙanƙara wadda har yau ba ya maganarta. Ya koyar da lissafi a makarantar gari shekara talatin da ɗaya. Ya ci gasar sau huɗu da irin ubansa, wanda Gwaggo ta ci gaba da rayawa a bayan gidanta duk tsawon yaƙin. Emrys Pugh yakan zo duk Satumba har ya rasu. Mutanen da suke saman mashaya a ranar duk sun tafi, babu wanda ya taɓa faɗin lambar.

Da na gama karantawa na sa gwangwanin a jaka na nufi lambun, da niyyar in tsokane shi. Na same shi zaune a kan wani tsohon bokiti da ya kife, duk ya lotse, ga sababbin 'yan ƙungiya uku sun kewaye shi. Na tsaya a bakin shinge ina ji. Wai janar ɗin da mota biyu ya zo. Wai sai da aka cire ƙofar ɗaki kafin a shiga da ita. Yana magana yana buɗe hannuwa, har sai da ya kusa faɗowa daga kan bokitin. Ya hango ni da jakar, ya gane gwangwanin, ya ce, "Cuthbert, kai ma zo ka ji, ai ba ka nan lokacin."

Na shiga na zauna. Jakar dai ban buɗe ba. Saboda haka in yaran suka tambaye ki wa ya ce albasar ta kai kan mutum, ki ce mutane da yawa sun faɗa, kuma na ƙarshen da ya gaya wa kakanki shi ne Lancelot Hedley da bakinsa, ranar Talatar da ta wuce.

Kakanki,
Cuthbert